Minti Bakwai Kafin Gada

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki da aikinki. Mu ma lafiya, ban da gwiwata ta hagu da ba ta jin magana. Ubanki jiki da sauƙi, in dai ba fuskarsa aka duba ba.

Bayan haka, shekara shida ke nan ina ƙorafi ɗaya, tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ƙanena, ubanki, na ɗauko shi na dawo da shi ɗakina. A gidan nan idan na yi tambaya ba a ba ni amsa, sai a aiko min da kwali. Na tambaya me likita ya ce game da hannunsa, aka aiko da keken guragu. Na tambaya yaushe za ki zo, aka aiko da waya, alhali kin san shekara arba'in na yi ina bugun lagireton mota da guduma, kunnena ya toshe, ba na jin komai a cikinta sai zuu. Shi ya sa nake rubutu. Ban taɓa zama a aji ba, a jikin kwalayen kayan mota na koyi baƙi, amma ita takarda ba ta cewa "Baffa, ba na jin ka" ta katse.

Yanzu kuma ga sabon kwali. Ranar Litinin, sati biyu ke nan, ina wajen aski mijinki Mai Gilashi ya zo, ya cire tsohuwar kwamfutarmu daga kan tebur, ya ajiye wata baƙa mai ƙyalli, ya tafi da waccan. Bai jira ni ba. Kafinta maƙwabcinmu ne ya ba ni labari, kamar ni ne baƙo a ɗakina.

Ke kika sa mana wasan tseren motocin nan tun kina makaranta, amma ba ki san abin da ya zama ba. Allo ya rabu biyu, sama motarsa, ƙasa tawa. Maɓalli huɗu ne a gefen hagu, daidai hannunsa mai lafiya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan babbar mota, yau ba ya iya kai cokali baki da dama, amma a nan yana tuƙi. Kuma ki ji abin da ban taɓa rubuta miki ba. Ubanki zai wuni yana neman kalmar ruwa a bakinsa bai same ta ba. Amma da na tare masa hanya a kwana sai ki ji "Kauce!" Sai ki ji "Makaho! Wa ya ba ka lasin?" tsaf, kamar bai taɓa ciwo ba. Wannan zagin shi ne duk hirar da ta rage tsakanina da ƙanena. Da ita nake sanin yana nan.

Mijinki ya ce wa Kafinta wai ya zuba mana wasan a cikin sabuwar. Ya zuba kam. Na kunna, na zaunar da ubanki. Kafin ya ɗora yatsa motar ta tashi kamar aljanu sun shige ta, ta daki bango, ta yi adungure, an gama tsere. Ya sake. Haka. Kwana uku yana gwadawa. A na ukun ya ɗaga hannunsa na hagu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya nuna min gado. Yana zaton wannan hannun ma ya tafi. Yau kwana tara bai ce uffan ba, fuskarsa na bango, abinci sai na yi faɗa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohuwar kwamfutar tana tari da safe, na sani, ni ma ina yi, ba wanda ya sa ni a kwali. A dawo min da ita.

Dogo direban bas, abokin aikin ubanki, shi zai kawo miki wannan. Ki ba shi amsa a hannu. Ina aka kai tsohuwar? Wa ya ce a taɓa ta? Kuma yaushe za ki zo?

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa,

Allah ya ƙara girma. Ina gaisuwa, ya gwiwa, ya jikin Baba? Mu lafiya lau. Na karanta takardarka sau uku a tsaye a bakin tasha, Dogo yana ta matsa min hon.

Baffa, ka yi haƙuri. Laifin nawa ne, ba na mijina ba, ni na aike shi. Wannan tarin da kake ji da safe, ƙas-ƙas-ƙas, rumbun da take ajiye komai a ciki ne yake mutuwa. Da aka kawo min ita na kwashe abin da ke ciki da ƙyar, washegari ta ƙi tashi gaba ɗaya. Ko na dawo da ita, ƙarfe kawai zan dawo maka da shi. Amma ya kamata a tambaye ka, wannan gaskiyarka ce.

Maganar gudun mota kuwa, don Allah ka gaya wa Baba ba hannunsa ba ne. Shi wasan ba shi da agogon kansa. Da bugun zuciyar kwamfuta yake auna gudu, kuma an yi shi ne lokacin da kwamfutoci ke tafiyar hawainiya. Wannan sabuwar ta ninka waccan sauri sau ɗaruruwa, shi ya sa motar ta haukace. Ko wane direba aka ɗora sai ya daki bangon nan.

A cikin ambulan akwai filas, ɗan ƙaramin abu kamar wuƙar yankan farce. Na sa wata manhaja a ciki wadda za ta sa sabuwar ta yi kamar ita tsohuwa ce. Ga yadda za ka yi. Ka cusa shi a ramin gaba, in ya ƙi shiga ka juya shi, kada ka danna da ƙarfi. Hoton babbar mota zai fito, ka danna shi sau biyu da sauri. In har yanzu gudun ya yi yawa, na zana maka allon maɓallai a bayan takardar nan, na yi wa biyu ja. Ka riƙe na ƙasa, ka riƙa taɓa na sama, kowane taɓi yana rage gudu. Kamar yadda kake saita silo a kafireton mota don rage gudun inji.

Abu ɗaya kuma. Ɗakinku na jikin shagon Kafinta, garin katako yana shiga ko'ina. A riƙa kula da fankarta kada ta toshe.

Ban san yana magana in yana tuƙi ba. Me ya sa ba ka taɓa faɗa min ba? Na tuna lokacin da nake zama tsakaninku a benci, yana ce min Kwandasta, ba ya tashi sai na buga tebur sau biyu.

A gaida shi. A gaida Kafinta.

'Yarka.

*

Uwata,

Ina gaisuwa. Gwiwa tana nan. Ubanki yana nan. Motar Dogo ta yi ciwon giya, sati uku tana kan jak, shi ya sa kika ji shiru, ba don komai ya gyaru ba.

Kin ce me ya sa ban faɗa miki ba. Wanda ya zauna awa ɗaya a ɗakin nan ba ya bukatar a faɗa masa.

Na bi takardarki layi-layi. Fankar da kika ce a kula da ita na kula da ita tun ranar, har da abin da ba ki ce ba, cikakken sabis na yi mata kafin in cusa komai. Sannan filas. Ya ƙi shiga, na juya, ya ƙi, na sake juyawa ya shiga ta inda ya ƙi da farko. Wanda ya ƙera wannan abu bai taɓa aiki da hannunsa ba. Hoton mota ya fito. Na riƙe na ƙasa na taɓa na sama sau goma sha huɗu, sai ga mota tana tafiya irin ta mutane. A nan kam kin yi gaskiya, kuma da tun farko an ce min silo ne ya yi sama da ban yi surutu ba.

Kwana biyu na yi ina lallashin ubanki. Na ce masa 'yarka ta ce ba hannunka ba ne, bai juyo ba. Sai na ƙure ƙarar lasifika na riƙa tuƙi ni kaɗai, ina dukan bango da gangan, ina cewa ai ni ne sarkin hanya yanzu. A rana ta biyu na ji yana buga ƙarfen gado. Na ɗauko shi.

Uwata, ya tuƙa. Ya fita daga gari, ya sha kwanar farko, ya sha ta biyu, yatsun nan suna rawa kamar da. Muka nufi gada, inda kullum nake tare masa hanya. Na tare. Na ga leɓensa ya motsa, ya ja numfashi, kalmar tana bakin ƙofa. Sai ɗif. Allo ya yi baƙi. Ba wutar lantarki ba ce, ƙwan ɗaki yana ci. Ya zauna da bakinsa a buɗe.

Na sake kunnawa, ta kawo, muka faro daga farko. Daidai kafin gada, ɗif. Na ɗauko agogo na auna. Minti bakwai. Sau biyar na auna a kwana biyu, minti bakwai, wani lokaci shida da rabi. Gadar kuwa sai minti takwas ake isa.

Da ba a fito da shi ba ya fi. Mutum ya haƙura da abu daban, a nuna masa a ƙwace daban. Yanzu in na ce a zo a tuƙa sai ya rufe ido.

Kafin in cusa filas ɗinki wannan na'ura ba ta taɓa mutuwa ba. Motar tana hauka, amma ba ta mutuwa. Na cusa, ta fara. Ban yi makaranta ba amma na iya haɗa ɗaya da ɗaya. Kina can kina gyara na mutanen duniya, na ubanki kuwa sai aike, kamar mai jefa wa kaza tsaba ta bayan katanga.

Me ke cikin filas ɗin nan da yake kashe ta? Kuma tambayata ta uku ta wancan karon, na duba gaba da bayan takardarki ban ga amsarta ba, zanen maɓallai kawai na gani.

Baffanki.

*

Baffa,

Ina gaisuwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sassauta maka gwiwa.

Na ga maganar kaza da katanga. In nufinka na yar da mahaifina, to ka faɗa min a fili. Ba ranar da nake buɗe cikin kwamfutar wani ban tuna da shi ba. Kai Baffana ne, ba zan mayar maka da magana ba, amma ta yi min zafi, kuma na kwana biyu ban iya ɗaukar biro ba.

Mu koma kan na'ura. Filas ɗin ba ya kashe kwamfuta, na gwada shi a guda uku a wurin aiki kafin in aiko, kowacce ta wuni tana tsere. Abin da ke mutuwa a lokaci ɗaya kullum, ba tare da ya nuna wani rubutu ba, yawanci ba manhaja ba ce. Wani abu ne a jikin ƙarfen. Ka taimake ni da amsar waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, don daga nan ba na gani.

In an kunna ta aka bar ta ba a buɗe wasan ba, tana mutuwa? Fankar tana juyawa, kuma ƙararta tana ƙaruwa kafin ta mutu? In ta mutu ka sake kunnawa nan take, tana kai minti bakwai ko tana saurin mutuwa? In ka sa hannu a bayanta, iskar da ke fita mai zafi ce ko mai sanyi?

Na ƙarshe, kuma don Allah kada ranka ya ɓaci. Ka ce ka yi mata cikakken sabis. Ni abin da nake nufi a hure garin katako daga ragar baya. Me da me ka yi? An kwance wani abu a ciki?

Ka ce wa Baba za ta gyaru.

'Yarka.

*

Uwata,

Lafiya lau muke, in ana kiran wannan lafiya. Ubanki ya rame, wandonsa sai na ƙara wa mazagi ƙulli.

Ban ce kin yar da shi ba. Na ce kina jefo tsaba ta bayan katanga. Wanda ya yar ba ya jefowa. Ku masu ilimi kuna karanta abin da ba a rubuta ba, ku tsallake wanda aka rubuta.

Ga amsoshinki, tunda ni ina amsa tambaya. In ba a buɗe wasan ba tana daɗewa. Fanka tana juyawa, kuma kafin ta mutu tana kuka kamar jirgi zai tashi. In na sake kunnawa nan take ko minti uku ba ta kaiwa. Iskar baya kuwa ba ta da wani zafi.

Ba sai kin gaya min sunan ciwon ba. Injin da ke mutuwa in ya ɗau kaya, ya huta ya tashi, ya sake mutuwa da wuri, zafi ne. Na san wannan tun ba a haifi mijinki ba. Na buɗe murfin gefe na saita mata fankar ɗaki, ta kai minti tara. Na haye gadar ni kaɗai, ba wanda zai zage ni. Na ɗora jiƙaƙƙen tsumma a saman akwatin, bai ƙara komai ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ɗan lagireton da ke cikinta shi kansa ba ya ɗaukar zafi. Na taɓa shi, ɗumi-ɗumi. Inji na tafasa, lagireto na hutawa. A mota sai in ce bututu ya toshe, amma nan ba bututu, ba ruwa. Wane mahaukaci ne yake ƙera lagireto ba ruwa?

Sabis kuwa, tunda ana tuhumata kamar ɓarawo, ga abin da na yi. Na kwance noti huɗu na cire fanka na wanke fukafukanta. A ƙarƙashinta akwai ɗan lagireto na farin ƙarfe, na ɗaga shi. Uwata, da kin ga ƙazantar da na tarar da ba ki sake yabon sabon kaya ba. Tsakaninsa da wani ɗan faranti mai kusurwa huɗu, wata dauɗa ce toka-toka kamar kashin tsuntsu, ta manne sama da ƙasa. Sabuwar na'ura fil daga kwali! Wani malalaci ne a kamfani ya bar ta. Na kankare ta da reza a hankali, na goge da auduga da ɗan fetur, na bar su suka bushe. Sai da na ga fuskata a jikin farantin nan. Na mayar na ɗaure notin a gicciye, kamar yadda ake ɗaure kan inji. Duk garin nan ba wanda zai yi miki aiki mai tsabta irin wannan.

To kin ji. Ba a wurina matsalar take ba. Ki nemo ta a wurinku.

Tambayoyinki biyar na amsa. Tawa ɗaya ce.

Baffanki.

*

Baffa,

Allah ya ja kwana. Ina gaisuwa, ina kuma roƙon ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Ka gano ciwon da kanka, zafi ne, kuma ka gano inda ya tsaya, ba ya isa lagireto. Baffa, wannan dauɗar ita ce bututun. Da gangan ake shafa ta. Ƙarfe biyu ko sun kai madubi sheƙi, in an haɗa su akwai 'yan ramukan da ido ba ya gani, iska tana maƙalewa a ciki, zafi kuma ba ya ratsa iska. Man nan shi yake cike ramukan, ya ɗauki zafi daga farantin, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya miƙa wa lagireto. Da aka goge shi, sai ƙwaƙwalwar ta riƙa kashe kanta don kada ta ƙone. Rana ɗaya ka yi sabis ka cusa filas, shi ya sa laifin ya faɗa kan filas. Ni ma da nawa, da na ce a hure kawai da ba a kai nan ba.

Ga man a cikin ambulan, kamar sirinji. Ɗigo ɗaya a tsakiyar faranti, girman ƙwayar wake, kada a ƙara, kada a shafa da yatsa, lagireto zai baje shi in an ɗaure. Ba giris ba, Baffa, don Allah ba giris ba. Mijina zai iya zuwa ranar Asabar ya sa.

Tambayarka. Na gan ta tun takardar farko. Ba tsallake ta nake yi ba, tsayawa nake a kanta in rasa abin rubutawa. Ka tuna zuwana na ƙarshe, shekara huɗu da suka wuce? Kai ka fita sayo magani. Na durƙusa a gaban gadonsa na gaishe shi. Ya kama hannuna yana son ya kira sunana. Ya yi ta ƙoƙari, bakinsa yana karkacewa, yawu yana zuba, hawaye yana zuba, sunan ya ƙi fitowa. Ban san minti nawa ba. Mutumin da muryarsa ke tsayar da tasha. Na zare hannuna na ce zan ɗebo ruwa, na fita, ban tsaya ba sai a mota. Ban ɗebo ruwan ba. Tun ranar duk lokacin da na shirya jaka sai in ga fuskar nan, in ga ni na jawo masa wannan wahalar, kuma ni na gudu na bar shi a cikinta. Kwali ya fi min sauƙi. Kwali ba ya sa shi neman suna.

Wannan tsakanina da kai ne. Don girman Allah kada ka gaya masa.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa. Gwiwa da sauƙi. Ubanki yana cin abinci. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yi murna.

Ki ce wa Mai Gilashi ya yi zamansa. Wanda ya kwance shi yake ɗaurewa. Na sa ɗigon, girman ƙwayar wake, na ajiye waken gaske a gefe ina gwadawa. Gwangwanin giris yana kusa da ni, ban taɓa shi ba, duk da dai raina ya so. Na ɗaure, na kunna, na yi awa biyu ina tuƙi ni kaɗai. Lagireto ya ɗau zafi har ba na iya barin yatsa a kai, iskar baya ta fito da ɗumi, fanka ta daina kuka. Ba ta mutu ba. Da tun farko an rubuta a jikin abin nan cewa gasket ne na ruwa-ruwa, irin abin da muke sawa tsakanin ƙarfe biyu a inji, da ba bakaniken da zai taɓa shi. Amma laifi tudu ne. Na taka nawa ina hango naki. Ni na hana ƙanena haye gada wata biyu, da rezata da audugata. Na faɗa, kuma ba zan sake faɗa ba, kada a riƙa tuna min.

Yanzu ɗaya maganar. Kin ce kada in gaya masa. Ban gaya masa ba. Amma kin manta wane ne Baffanki. Ni ban iya karatu da ido ba, da baki nake yi, baƙi-baƙi, kuma kurma ba ya sanin ƙarfin muryarsa. Teburina taku biyu ne daga gadonsa. Na karanta man shafawa, na karanta ƙwayar wake, na karanta ruwan da ba ki ɗebo ba, har ƙasa, sannan na iso inda kika ce kada ya ji. Ana kafa allon gargaɗi kafin kwana ne, Uwata, ba bayanta ba. Da na ɗago kai ya juyo daga bango yana kallona.

Bai yi kuka ba. Ya nuna kwano, na ba shi, ya cinye.

Washegari shi ya buga ƙarfen gado da kansa. Na zaunar da shi a benci, ya ɗora yatsunsa huɗu. Allo ya ƙirga uku, biyu, ɗaya. Motata ta tashi. Tasa tana kan layi, inji yana ruri, ba ta motsa ba. Na ce shi ke nan, maɓalli ya maƙale, wata sabuwar masifa. Na miƙa hannu zan gwada, ya buge min shi. Ya matsa gefe da ƙyar, ya bar fili tsakanina da shi a kan bencin, ya dafa wurin. Sannan ya ce, "Kwandasta."

Ba zan yi miki ƙarya ba, sunanki na yanka bai fito ba har yau, wataƙila ba zai fito ba. Bakin nan yana karkacewa, yawun yana zuba, ni nake gogewa kullum kuma ban mutu ba. Amma wannan ya fito tsaf, ba gargada.

Na ce masa Kwandasta tana wurin aiki, bari ni in buga. Na buga tebur sau biyu. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Makaho." Kafinta ya shigo ya gwada, shi ko kallo bai samu ba.

Yau kwana biyar ke nan. Kullum da hantsi sai ya sa na zaunar da shi, ya kunna inji, ya bar filin nan a benci, ya zuba wa ƙofa ido. Ni in zagaya in haye gada in dawo in same shi a kan layi. Na san ƙanena. Ya taɓa tsayar da mota cike da kaya wuni guda a tasha saboda yaron motarsa bai iso ba. Ba zai tashi ba. Kuma ban san kwana nawa mutum mai irin jikinsa zai iya yi yana kallon ƙofa kafin ya koma kallon bango. Wancan karon na'ura ce ta mutu, aka aiko da sirinji. Wannan karon ba abin da zai shiga ambulan.

Kin yi min bayanin silo, kin yi min bayanin dauɗa, kin yi min bayanin abin da ya hana ki zuwa. Duk na gane, na kuma gode. Amma bayani ba amsa ba ne. Na gaya wa Dogo duk kwalin da aka ba shi daga wurinki kada ya sauke min, ya mayar da shi yadda yake. Ya bar miki kujerar gaba, ya ce ko wace rana ce. Ba na son zane, ba na son takarda mai shafi biyu. Layi ɗaya ya isa, kuma ki rubuta shi da manyan baƙaƙe, don da ƙarfi zan karanta shi, yana ji.

Shekara huɗu ina tambaya. Inji na kunne, ba ya zafi, direba yana zaune. Wace rana?

Baffanki.